Sallah a Kan Kujera

Yaya Awadiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Umma da yara. Ni alhamdu lillahi, an sauya mini gwiwar a nan Alkahira, sai dai ciwo da gajiya.

Ma'aikaciyar asibitin da ke motsa mini ƙafar kullum cikin tsokana take: "Lanƙwasa mana, Hajja! Ƙarfe ne, ba zai karye ba." Mako shida ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba. A kujera nake sallah, raina a ɓace. Ashe haƙurin da nake taƙama da shi a dā, lafiya ce kawai?

Ki je wurin maƙwabciyarmu Hajja Batul. Na taɓa ce mata lalaci ke sa ta sallah a zaune. Ki roƙa mini gafararta.

Ƙanwarki,
Sittana