Ranar da Na Ƙi Korar Ilu

Juma'a, 13 ga Maris, 2015. Unguwar Ulaisha.

Baƙi sun watse, na wanke kofuna, amma har yanzu raina bai huce ba.

Tun da na dawo masallaci nake hidima. Na haɗa zoɓo da citta, na tace kunun aya, na sayo sambusa da dabino a bakala, wato kantin unguwa, na gasa nama na barbaɗe shi da yajin da Inna ta aiko. Mutum shida na gayyata bayan la'asar, don dai mu ji Hausa a bakin juna a ƙasar wajen nan da muke neman abinci.

Ilu, mutumin Maraɗi, ya shigo da kayan aikinsa na shara. Yana zama sai Alhaji Sabo, wanda ya samo mini aikin direba, ya ja ni bakin ƙofa.

"Musa, iƙamar mutumin nan ta mutu, ba shi da takardar izinin zama a ƙasar nan. Sallame shi kafin ya jawo mana."

Ilu ya ji. Ya ajiye kofinsa ko kurɓa bai yi ba, ya fara laluben takalmi.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Da na kwanta wata guda a ɗakin nan ba lafiya, shi kaɗai ke leƙo ni. Ilu, zauna."

Alhaji ya fice, mutum biyu suka bi shi. Mu huɗu muka cinye naman nan tas, har Ilu ya saki jiki yana ba mu dariya.

Na san gobe Alhaji zai iya ɓata ni wajen kafilina, maigidan da aikina da takardar zamana suke hannunsa. Ina jin tsoro, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma ɗakin nan nawa ne, kuma na riga na gaya wa Ilu Juma'a mai zuwa ma ina jiransa.