Turmi a Gurbin Taya

Yamai, 9 ga watan Afrilu, 1964

Zuwa ga Yayana Halidu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Halima da yara. Allah Ya sa albarka a cinikin goronka, Ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan gida lafiya lau muke. Inna ta warke daga ciwon ƙafar nan, har ta koma tuyar masa a ƙofar gida, tana faɗa da masu saye kamar yadda ta saba. Zafi kuwa ya sauka a Yamai ba da wasa ba, ruwan randa ma sai ka ce an ɗora shi a murhu.

Yaya, albishirinka! An yi bikin ƙanwarmu Balkisa ranar Juma'ar da ta wuce, kuma tana ɗakin mijinta Yakuba a Lamorde, ƙetaren kogi. Ka san wanda ya kai ta? Ni, Mutari, wanda kake cewa ko jaki ba zai iya kora ba! Na samu permi ɗina, wato lasisin tuƙi, tun watan azumi, kuma Alhaji Mijinyawa, maigidana na Babbar Kasuwa, ya ba ni aron motarsa ta yinin nan don ɗaukar amarya. Kafin ya ba ni makulli sai da ya tura ni garajin Isaka makanisiye a Katako, ya ce shi ba ya ba da motarsa ga wanda tuƙi kawai ya iya. Isaka kuwa ya gasa ni. Ya koya mini duba mai da ruwan injin kowace safiya, da duba iskar tayoyi, da yadda ake ɗaga mota da kirik, da yadda ake liƙe shambur, wato robar nan ta cikin taya mai riƙe iska. Da safiyar Juma'a na duba komai ɗaya bayan ɗaya, har tayar sukur, wato ta ko-ta-kwana, da ke kwance a kofur, ma'ajiyar kaya ta bayan mota, na danna ta da hannuna na ji ta tam. Sannan na yi wanka na tafi masallaci da farin cikina.

Ka san al'adar gidanmu, amma bari in tuna maka, tunda Kumasi ta mai da kai baƙo. In an fito da amarya daga ɗakin uwarta, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa sai a ɗakin mijinta, kuma ba a komawa da ita baya, in ba haka ba tsofaffi su ce auren ba zai zauna ba. Shi kuma bak, jirgin da ke ƙetarar da motoci, ba ya jiran kowa, na ƙarshe kafin magariba yake tashi. Sauran dangi duk sun riga sun ƙetare da kwalekwale tun da hantsi. Bayan la'asar matan unguwa suka ɗauko Balkisa cak suka sa ta a mota cikin lulluɓi, tana ta kuka, Gwaggo Zeinabu ta zauna gefenta, ƙawarta Ladi ta zauna gaba. Na tayar da mota ana ta guɗa. Wallahi Yaya, ji nake kamar ni ne angon.

Ba mu yi nisa ba, muna cikin gonakin nan da ke tsakanin unguwarmu da gari, sai na ji mota tana rinjaya hagu, tana wani ɗingishi. Na tsaya na duba. Tayar baya ta kwanta shirim! Gabana ya faɗi, amma na daure na ce musu kada kowa ya damu, aikin ɗan lokaci ne. Na zaga baya ina taƙama, na buɗe kofur. Yaya, me zan gani? Turmi! Sabon turmin Balkisa da taɓarya da tukwane, sun zauna daram a inda tayata take. Na tambayi Gwaggo ina tayar, ta ce ai ita ta sa aka fitar da ita ina masallaci, tana can jingine a bayan ɗakin Inna. Wai mota ƙafa huɗu take tafiya da su kamar kowace dabba, ta biyar ɗin zaman banza take yi, ita kuwa amarya ba ta shiga ɗaki babu turmi. Na buɗe baki in yi magana na tuna ƙanwar Baba ce, sai na haɗiye. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce to a juya a ɗauko, ko da a hankali ne. Gwaggo ta ce sam, amarya ba ta komawa. Na ce to Balkisa ta sauko in ɗaga motar, don Isaka ya hana ɗaga mota da mutum a ciki. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce sai dai bayan ranta. In kuma na ruga gida a ƙasa, kafin in gangaro da tayar rana ta faɗi. Hanya shiru, babu mota ko ɗaya, sai wani mai raƙumi da ya wuce yana kallonmu. Na dubi rana ta fara ja. In bak ya tashi ya bar mu, ƙanwarmu a cikin mota za ta kwana a bakin kogi, ba gidan uwa ba gidan miji, dangin ango suna can suna jira, gobe kuma gari ya ɗauka cewa ta shigo da ƙafar hagu. Balkisa da ta ji haka, kukan al'ada ya koma kukan gaske.

Sai na tuna kwalin faci da gam da ƙarafan ɓanɓare taya da pompo na hura iska suna ƙarƙashin kujerata, inda hannun Gwaggo bai kai ba. Na cire babbar rigata na miƙa wa Ladi. Na ja birkin hannu, na tokare sauran tayoyin da duwatsu, na sassauta notocin tun motar tana ƙasa, kamar yadda aka koya mini. Na sa Gwaggo da Ladi suka sauka, na roƙi Balkisa ta matsa can ɗaya gefen, kada ta motsa ko sauro ya cije ta. Da na fara juya kirik, maimakon mota ta hau sama sai shi ya riƙa nutsewa cikin rairayi. Garajin Isaka daɓe ne, ban taɓa tunanin wannan ba! Na ciro murfin akwatin katakon amarya na shimfiɗa masa, Gwaggo tana salati. Mota ta ɗagu. Don tsoron kada ta sulluɓe da yarinya a ciki, na gangaro da turmin nan na cusa shi a ƙarƙashi ya zama matokari. Nan fa Gwaggo ta samu abin faɗa, wai ga shi turmin da nake yi wa hararar ya yi rana.

Na cire taya, na ɓanɓare ta, na zaro shambur, na shafa hannu a cikin tayar na ciro wata ƙusa mai tsatsa. Saura gano hujin. A garaji cikin ruwa ake tsoma robar a ga inda kumfa ke fita, mu kuwa ɗan ruwan da muka taho da shi Gwaggo ta yi alwala da shi. Na hura wa robar iska, na kai kunne, na kai leɓe, ban ji komai ba, ga iskar yamma tana kaɗawa, ga zuciyata tana bugawa kamar ganga. Na juya ta na sake juyawa, babu. Har na fara cire rai. Sai na ga hannu mai lalle ya fito ta tagar mota. Balkisa ta yi magana ƙasa-ƙasa daga cikin lulluɓi, ta ce in miƙo mata. Gwaggo ta yi tsawa wai amarya ba ta magana a hanya, amma ina! Ta ja robar cikin mayafi, ta riƙa bi da ita a kan kuncinta da ya jiƙe sharkaf da hawaye. Can sai ta ce ga shi nan, ta ji sanyi, ta danne wurin da yatsa ta miƙo mini. Huji ne ɗan mitsitsi, da ni kaɗai ne da har yau ina can ina nema.

Na kankare wurin, na shafa gam, sannan na tsaya jiran ya sha iska. Wannan jiran shi ya fi komai wuya. Gwaggo tana ta azalzalata in liƙa mu tafi, na ce mata da ladabi in na liƙa shi ɗanye zai ɓalle a tsakiyar kogi. Da ya yi, na manna faci na danne, na mayar da komai, ni da Ladi muka riƙa karɓa-karɓar pompo har taya ta cika. Na ɗaura, na sauke mota, na ƙara matse notoci. Turmi ya koma mazauninsa da tabon baƙin mai a baki.

Kada ka tambaye ni yadda muka ratsa gari! Muna gangarowa bakin kogi na hango ma'aikatan bak suna kwance igiya. Na danna oda ban saki ba, Gwaggo ta leƙo da kai ta taga ta rangaɗa wata guɗa da ban san tana da sauran irinta ba. Babbansu, wani dattijo Bazabarme, ya ɗaga hannu aka dakata, yana dariya yana cewa da zabarmanci ba a barin amarya a gaɓa. Da tayoyi suka hau jirgi sai da na kifa kai a kan sitiyari na yi hamdala.

Mun isa ƙofar gidan su Yakuba ana kiran magariba, jama'a sun cika, ana ta kiɗa. Ni dai na koma gefe ina ɓoye hannuwana, don baƙi ƙirin suke. Sai Gwaggo ta kira ni a gaban kowa, ta ce babban wan amarya ne ke ɗaukarta daga mota ya miƙa ta ɗaki, tunda Halidu yana nesa, Baba kuma ya riga mu gidan gaskiya, ni ne babban wanta yau. Na ce Gwaggo dubi hannuna, zanenta fari ne. Ta ce da waɗannan hannuwan aka kawo ta, da su za a shigar da ita. Yaya, na ɗauki Balkisa, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba sai a kan tabarmar ɗakinta. A nan ne hawaye suka kuɓuce mini, don ban taɓa jin rashinka kamar lokacin ba. Shatin yatsuna ya fito ɓaro-ɓaro a zanen. Jiya da Inna ta aika a karɓo shi a wanke, Balkisa ta hana, ta ce ta ninke shi ta ajiye, ba za a sa masa ruwa ba sai ka zo ka gani da idonka. To ka ji, Yaya. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin damina.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Gwaggo Zeinabu ta ce in gaya maka har yanzu ita ba ta ga amfanin taya ta biyar ba. Balkisa da Yakuba suna gaisuwa ƙwarai, haka ma Alhaji Mijinyawa da Isaka. Ka gai da Yaya Halima, ka shafa mini kan Hasan da Hadizatu, ka kuma miƙa gaisuwata ga Kawu Abdulaye da duk mutanenmu na zango. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenka mai kewarka,
Mutari