Tungar Dudu a Kan Katako

Yelwa

Ƙanena Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina Baba da ƙafa? Ina aikin fentin jirage?

Ba zan yi dogon zance ba, kaina ya ɗau zafi. Zauren nunin zane da nake taimaka wa a nan Yelwa zai buɗe bayan Sallah, taken bana kuwa "Garuruwan da Tafki Ya Ci". Na riga na cika baki a gaban kwamiti cewa ƙanena na da zanen Tungar Dudu, garin su Baba. An bar maka bango guda. Ka aiko shi a motar kasuwa, don Allah kada ka yi mini irin nawarka.

Yayarka, Zulai'atu

Wara

Yaya Zulai,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ni ne dai ba lafiya ba.

Zanen ya ƙare tuni, a kan katakon tsohon jirgi, da fentin da nake shafa wa jiragen masunta. Baba ne ya zauna yana faɗa mini, ni ina zanawa: nan masallaci, nan mashaya, nan tsamiyar ƙofar gidansu. Tsamiyar nan sai da na goge ta na sake har hannuna ya gaji.

To ga matsalar. Baba ya sa an jingina katakon a ɗakinsa. Kullum da safe nan yake shan kunu yana kallo. Da na ambaci Yelwa sai ya ce, "An fisshe ni garin nan ina yaro, ba wanda ya tambaye ni. Yanzu kuma kai za ka ɗauke mani shi?"

Yaya, ina son a ga aikina. Na gaji da zana kifi da tauraro a gefen jirgin wani. Amma na kasa ɗaga katakon.

Ƙanenki, Sahabi

Yelwa

Sahabi,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka na rasa wurin zama. Kowa ya kawo nasa: masu tabarma, masu hoto, har 'yan makaranta. Bangonka ne kawai fayau, shugabar kwamiti kuma ta fara yi mini kallon maƙaryaciya. Raina ya ɓaci da kai, ya ɓaci da Baba, na kuma ji kunyar ɓacin ran. Kada ka sace shi. In ba zai rabu da garin ba, ka sako su mota tare.

Zulai'atu

Wara

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yarda, da sharaɗin yini ɗaya, a dawo da shi kafin magariba. Ni zan tsaya, akwai jirgin da na yi alkawarin gamawa. Gaskiya kuma tsoro nake ji a yi mini dariya ina tsaye.

Sahabi

Yelwa

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ba wanda ya yi dariya.

Baba ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin zanen kamar mai gadi. Can sai ga wani tsoho, Ɗanladi, maƙwabcinsu na Tunga, wanda aka kai su wani matsugunin daban. Ko gaisawa ba su gama ba ya ɗora yatsa ya ce tsamiyar nan ta gidansu ce. Baba ya ce ƙarya yake. Suka yi ta musu har la'asar, sannan na ga duk su biyun suna goge ido. Kafin yamma tsofaffi sun cika wurin, kowa na neman ƙofar gidansu, wasu ba su samu ba.

Da mota ta zo na kama katakon zan sauke. Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi nan. A Wara ni kaɗai ke shiga garin."

Ka taho da fenti, akwai gidajen da ba ka gina ba.

Yayarka, Zulai'atu