Wanda Ya Goyi Mutum Ba Ya Iya Harbi

Zuwa ga Hamma Bashir, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan saƙon nan zai same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da duk wanda kuke cin tuwo tare a can. Inna tana gaishe ka. Mutanen Bagadaza suna cigiyarka, har da mai shayin bakin layi, wanda har gobe da sunanka yake kirana.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙarka a shafina, a bainar jama'a, alhali lambarka tana cikin wayata. Ka yi haƙuri. Na lura in na tura maka saƙo a kan maganar gida, sai ka aiko mini da hoton babban yatsa, shi ke nan. Amma in na sa labarin gem, wato wasan bidiyo, kafin in ajiye wayar ka iso da sharhi mai tsawo. To, ga labarin gem. Masu karatu ku matso, ba a kore ku ba, amma da yayana nake.

Kashi na biyu na wasanmu yana hanya, Hamma. Na ga tallarsa, na maimaita har datata ta ƙare. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da ake jefa mutum biyu cikin garin da annoba ta mayar da mutanensa zombi, wato gawarwaki masu tafiya da ba su da aiki sai neman mai rai su cije shi. Ba a cin sa da jarumtar mutum ɗaya. Tare ake tafiya daga wannan maɓoya zuwa waccan, kuma in ɗaya ya faɗi, ɗayan ne zai dawo ya ɗaga shi.

Ka tuna ɗakin zaure, da tsohuwar talabijin ɗin da sai an mare ta take kawo hoto? Kai ka sayo na'urar wasan, kwance, ka shigo da ita cikin buhun wake don kada Baba ya gani. Kullum rabon aikinmu ɗaya ne. "Auta, kai tsare ƙofa, ni zan fita nemo harsashi." Sai ka fita da gudu kamar an biyo ka da bulala, ka afka tsakiyarsu, ka hau kiran sunana. Ban san sau nawa na bar ƙofar na je na janyo ka ba, kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa yarda laifinka ne ba. Sai ka ce fad ɗin da ake sarrafa wasan da shi ne ya sanƙare.

Inna kan leƙo ta tsaya tana kallonmu, ta ce wanda ya riga ya mutu kuma me ya rage a kashe a jikinsa.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin sabon, gwargwadon abin da talla ta nuna da abin da 'yan gem suke ta yaɗawa. Garin ya fi na da girma. An ce har mutum huɗu za su iya shiga tare, kuma ta intanet, kana Fatakwal ina Gombe mu haɗu a titi ɗaya. Zombin sun yi wayo, suna bin sauti, suna ɓalle ƙofa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don a na farko in ka shiga maɓoya ka rufe, ka tsira ke nan, ko kwana za ka yi. A sabon babu wannan. In ka daɗe a wuri ɗaya, wurin zai cinye ka.

Akwai kuma wani abu da suka ƙaro. Wanda ya ji rauni sosai ba a ɗaga shi nan take, sai dai a goya shi a baya har a kai maɓoya. Wanda kuwa ya goyi mutum ba ya iya harbi, ba ya iya gudu, ko ƙofa ba ya iya buɗewa. Dole wani ya tafi a gefensa yana kare shi. Da na ga wurin nan a talla, ajiye wayar na yi, don na san nauyin da suke nufi, a ƙashin bayana na san shi.

Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, ni nake ɗaukarsa. Ni nake kai shi banɗaki, ni nake masa wanka, ni nake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Inna ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Su Adda suna gidajen mazajensu, kuma ko suna nan ka san Baba, ya gwammace ya mutu da a ce 'yarsa mace ta tuɓe masa riga. Rumfarsa ta hatsi a Kasuwar Gombe maƙwabcinsa ne yake buɗe ta. Ni rabona da wuce bakin layinmu har na manta, sai dai in an aike ni kemis, shi ma da sauri-sauri. Abokaina sun gaji da gayyata sun daina. Ranar nan wani ya ce mini an gyara titin Manawashi, na ji kamar labarin wata ƙasa yake ba ni.

Ka kuma san zancen karatuna. Jami'ar nan ta Kano ta ɗaga mini gurbina bara saboda ciwon Baba, sun kuma faɗa mini ba za su sake ɗagawa ba. In ban je bayan Babbar Sallah ba, ya tafi. Na rubuta maka wannan a waya. Ka san abin da ka aiko mini.

Ban ce ba ka yi komai ba, kada masu karatu su ɗauke ka mugu. Kana aiko da abin da ya samu, magani bai taɓa yankewa ba, Allah ya saka maka. Kuma na san abin da ya hana ka zuwa, don kai ka faɗa mini a tasha ranar da za ka koma. Ka ce, "Auta, ni ganina ma ƙara masa ciwo yake yi." Lokacin da ka zo duba shi, kana shiga ɗakin ya juya fuskarsa bango. Ka gaishe shi, ya amsa da ƙyar bai dube ka ba. Ka zauna, ya ja mayafi ya rufe har kansa. Sai ka yanke cewa har yanzu yana fushi don ka ƙi zaman rumfa ka tafi gyaran waya a kudu. Ni ma a lokacin haka na ɗauka, shi ya sa ban musa maka ba.

To, ga abin da ya faru, ka yi hukunci da kanka.

Da zaman ya yi mini yawa, sai na kwaso talabijin da na'urar na kai ɗakin Baba, don in an kawo wuta da rana in ɗan taɓa ina kusa da shi. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba, kallo kawai yake yi. Matsalar ita ce inda muka tsaya ni da kai, wurin gadar nan, ba a wuce shi da mutum ɗaya, don ƙofar maɓoyar ba ta rufuwa sai mu biyu mun shiga. Sai na dinga wahala da fad biyu, in matsa da nawa mutumin, in ajiye, in ɗauki naka in jawo shi. Kafin in gama musanya sun cinye mu.

Wata rana bayan azahar Baba ya miƙo hannunsa na hagu, mai lafiyar. Na zaci ruwa yake so. Ashe fad ɗinka yake nufi. Ya tambaye ni, da wannan harshen nasa da ya yi nauyi, mutumin da yake tsaye ɗin na wane ne. Na ce naka ne. Ya ɗora fad ɗin a cinyarsa, na nuna masa abu ɗaya, ya tura 'yar sandar fad ɗin gaba.

Hamma, Baba ya fi ka rashin iyawa, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bango yake shiga da kai. Rami yake faɗawa da kai. Mutumin da ya yi shekaru yana ce mana aikin banza muke yi, shi ne yanzu da an kawo wuta yake nuna mini talabijin da haɓa. Ya ƙi yarda mu yi musanya, na ce ya karɓi nawa mutumin da ya fi ƙarfi, ya girgiza kai.

Ranar da nake son ba ka labari, mun kusa ƙofar, zombin suka taso ta baya suka kayar da kai, wato naka mutumin. Ni na riga na shiga. Na ce a raina bari in bar shi, ai wasa ne, a sake daga farko. Sai na ji Baba ya bugi katifa da hannu. Ya ce, "Koma. Koma ka ɗauko Bashiru."

Inna tana bakin ƙofa da kofin kunu, ta tsaya cak. Kai ka sani, ni ma na sani, Baba bai taɓa kiran sunanka ba. Kai ne ɗan fari, shi kuma Bafulatani ne na gaske. "Wancan" yake ce maka, ko "yayanku", in ya matsu ya ce "babban". Daga baya Inna ta ce mini rabon da ta ji sunan nan a bakinsa tun ranar da ya raɗa wa liman shi da safiyar suna. Shi kansa da ya ji abin da ya fita daga bakinsa, sai ya kau da kai, ya ce wai in rage ƙarar talabijin. Na koma na ɗauko ka.

A ranar na gane kuskurenmu, ni da kai. Ba fushi ne ya sa ya juya maka baya ba. Kunya ce. Mutumin da bai taɓa cin abinci a gabanka ba, bai taɓa yin dariya kana wurin ba, ka shigo ka same shi kwance ba ya iya goge yawun bakinsa. Ina zai sa fuskarsa? Kai kuma ka gaji halinsa tsaf, da ka ga an juya maka baya ba ka tambaya ba, ka ɗauki jakarka. Ku biyun kuna ta yi wa juna kara, ni auta da ba a jin kunyata aka bar ni da ɗawainiyar gaba ɗaya.

Na san abin da za ka ce, in ka zo ai zai sake juya fuskar. Zai juya, ba shakka. Ka bar shi ya juya. Ka durƙusa ka ba shi baya, zan nuna maka yadda ake kama hannun da ya mutu. Wanda aka goya ba ya ganin fuskar wanda ya goya shi, kuma daga ɗaki zuwa banɗaki ba a buƙatar hira. Gyaran waya kuwa ana yin sa a Gombe, mutanen nan ma suna fasa gilashi.

Ban faɗa wa Baba zancen wa'adin makaranta ba. Na san abin da zai yi. Zai ce in tafi, sannan ya rage shan ruwa don kada ya dami Inna da fita. Ya taɓa gwada haka lokacin da na yi zazzaɓi, sai da muka gane da bushewar leɓensa. Don haka maganar a fili take, in ba ka zo ba, ba zan tafi ba. Ka san haka. Wani lokaci ina zargin sanin hakan ne yake ba ka damar yin barci.

Amma ba gurbin karatun ne ya fi ba ni tsoro ba, Hammana. Shekaranjiya da safe na ga hotunan 'yan ajinmu a jami'a, sai Baba ya kira ni in ɗaga shi, karo na babu iyaka. Na je na ɗaga shi, na ji hannuna ya yi masa ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya dube ni. Sai ya ce "Sannu, Auta," kamar shi ne ya yi laifi. Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ya faɗi. Ina son Baba, Allah ya sani. Ina kewarka, kuma ina jin haushinka, duka biyun a lokaci ɗaya. Na gaji, Hamma. Ina tsoron ranar da zai kira ni in yi kamar ban ji ba, kuma ina jin ƙafar ranar nan tana matsowa.

Ka zo kafin ta iso.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah ya ƙara wa Inna haƙuri. Allah ya tsare ka a hanya, ya buɗa maka a duk inda ka sa ƙafa, ya karkato da zuciyarka gida. Ni kuma Allah ya tausasa hannuna a kan mahaifina, ya sa kada ya sake ba ni haƙuri a kan abin da ni ya kamata in roƙe shi gafara. Amin.

Ƙaninka da yake jira,
Nasiru, Autan Inna
Bagadaza, Gombe