Bakshish Ƙarƙashin Faranti

Sharafiyya, Jidda
Laraba, cikin Muharram, 1389

Zuwa ga Mastura, hasken idona, sanyin ƙirjina, rumman Ɗa'ifa a tsakiyar zafi, iskar teku da ke shigowa ta taga bayan la'asar ta farfaɗo da wanda rana ta kayar. Zuwa ga wadda maƙwabta ke kira Ummu Mahmud, ni kuwa nake kira da sunayen da ba a faɗa a gaban maƙwabta. Aminci ya tabbata a gare ki, da rahama, da albarka, da ɗan sassauci kuma, in akwai saura, ga mijin da kika bari.

Ki karanta wannan da kanki. Ni na koya miki karatu, na san kin iya. Kada ki miƙa wa yayanki Salihu, domin na san irin muryar da zai karanta da ita.

An gaya mini ya saya miki tikitin jirgin ruwan da zai kwashe ragowar alhazai zuwa Bor Sudan ranar Asabar, wai daga can sai garin Madani na ƙasar Sudan, gidan iyayenki, ba dawowa. Madani! Ya zumar duwatsu, shin a faɗin Hijaz an taɓa jin macen da ta bar mijin ƙuruciyarta saboda ya ƙi shiga gidan abinci guda ɗaya? Na yi karatu a Makka, na yi a Alƙahira, na karantar da babin aure da babin rabuwa har sun zauna mini a ka, amma ban taɓa cin karo da wannan mas'ala ba. Ke kika ƙago ta, kamar yadda kika ƙago kusan duk abin da ya taɓa hana ni barci.

Bari in jera miki al'amarin daga farkonsa, ko da kin san shi, domin fushi yakan ɓata jeri.

Ɗanmu, wanda ni da ke ba mu cika kiran sunansa ba tunda shi ne na fari, kuma Allah bai ba mu na biyu ba, ya zaɓi aikin sufuraji, kai abinci gaban baƙi, a gidan abincin nan na kusa da Bab Sharif. Yakan dawo ƙafafu a kumbure, ya zauna gabanki yana ba ki labari, ke kuma kina haddacewa. Albashin da mu'allim, mai gidan abincin, ke ba su ba ya kaiwa tsakiyar wata. Sauran rayuwarsu bakshish ne, abin da mai ci ya ga dama ya bari ƙarƙashin faranti, su zuba a gwangwani ɗaya su raba, har da mai wanke-wanke. Turawan kamfanonin jiragen ruwa suna bari shiru. ’Yan kasuwar Sham suna bari da ƙara, don teburin kusa ya ji. Baƙauye yakan ga wauta ce a biya abu fiye da kuɗinsa. Alhazan ƙasarmu kuwa, Allah Ya yi musu albarka, sai su ɓare goro su ba shi ɓari, su raka shi da addu'a har ƙofar kicin. Kin tuna yadda yake zazzage aljihu, goro na gangarowa a kan tabarma, yana cewa yau ma gwangwani ya ƙoshi da addu'a? Sai zazzaɓin da ya biyo bayan hajjin bara waccan ya ɗauke shi. Ba zan ƙara kalma a kan wannan ba.

Bayan sadakar arba'in kika yi bakance cewa duk abin da za a bayar dominsa, hannun sufuraji zai shiga, ba hannun kowa ba. Kika sayar da awarwaronki. Ban hana ki ba. Amma tunda mace ba ta shiga waɗannan wurare, wa za a aika? Ni. Abdulghaffar, malamin nahawu, wanda bai taɓa cin lomar kasuwa ba tun da ya kawo ki gidansa.

Ranar farko na shiga wani gidan abinci a nan Sharafiyya, na kira wani sufuraji Bayamane, na miƙa masa, na ce sadaka ce. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce: «Ya ammi, ya baffana, masallaci na can gaba, mabarata suna ƙofarsa. In yunwa kake ji, zauna.» Haka na biyu ya yi, haka na uku. Ashe ba sa karɓa sai sun yi hidima. Sai ka zauna, an kawo maka, ka ci, an kwashe, sannan abin da ka bari ya zama haƙƙin aikinsu, ba bara ba. Na dawo na yi miki bayani, ina tsammanin bakancen ya warware tunda an kasa cika shi. Me kika ce? Kika ce, to, ka ci mana!

Na ci, ya furen Ɗa'ifa, na ci! Na ci ful da tamis, wake da gurasarsu, tun kafin rana ta fito sosai. Na ci shinkafa buhari wajen Buharawa, shinkafa da naman rago da ake ce wa mandi wajen mutanen Hadramaut, kifi da shinkafa baƙa a bakin kasuwar kifi ta Bangala har ƙarninsa ya kama rawanina. Akwai ranar da na ci abincin rana sau biyu, domin kin ji an buɗe sabon wuri a unguwar Kandara kuma ma'aikatansa baƙi ne. Likita ya hana ni maiƙo, na ce masa umarnin da ke kaina ya fi nasa ƙarfi. Tela ya buɗa mini riguna. Abokan aikina a makaranta suka fara kallon cikina kafin su kalli fuskata, har ya zo kunnena ana cewa Ustaz Abdulghaffar ya manta ɗansa tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, kullum yana gidajen abinci yana lasar yatsa. Na bar su da zancensu. Zan tsaya a tsakar makaranta in yi shelar bakancen matata?

Wannan duka da sauƙi. Abin da ke ƙona ni shi ne in dawo gida a ƙoshe, in tarar kin tuƙa tuwo kin kaɗa miya, in kasa ko taɓawa, ke kuma ki rufe kwanon ki ture shi, ki tare ni da tambaya: wa ya kawo maka? Yaro ne ko babba? Ya yi murmushi? Ka duba ƙafafunsa? In ba ki amsa, ki tashi ki shiga ɗaki ba ki sa komai a baki ba. Ni ina kumbura kamar salkar da aka cika, ke kina ramewa kamar wata a ƙarshen kwanakinsa. Wane irin makoki ne wannan da ke ciyar da ɗaya yana yanke ɗaya? Wuyan hannun nan da awarwaro ke matsewa, yanzu da yatsa biyu nake zagaye shi. Ina wannan dariya da ke sa tantabarun saman soro su tashi? Ina kumatun da nake kamanta su da dabinon Madina sabon tsinka? Wallahi, Mastura, na fi son ki zage ni kina ci da ki yi mini ladabi kina ramewa.

Kuma ban ce ban san halinki ba. Kin tuna ranar da kika sauka a tashar jirgin nan, amarya, jiri na ɗibarki saboda teku, ba ki taɓa yi mini magana ba? Wani ɗan dako ya ɗauko akwatinki tun daga bakin ruwa har inda mota take. Na biya shi abin da muka shirya, daidai, ba ragi, kuma har gobe ina ganin ban yi laifi ba. Sai na ga kin kwance bakin mayafinki kin ƙara masa, kika juyo, ido cikin ido, kika ce: «Kai ba ka ga gumin mutumin nan ba?» Wannan ce kalmarki ta farko gare ni a duniya. Ba sallama, ba sannu. A nan, tsakanin buhuna da ihun ’yan dako, zuciyata ta faɗa hannunki kamar kifin da ya yi tsalle ya faɗa kwale-kwale da kansa, kuma ba ta nemi komawa ruwa ba har yau.

Saura wuri ɗaya da ban shiga ba, kin kuma san shi. Da kika ce lokaci ya yi in je Bab Sharif, na ce a'a. Karo na farko ke nan da na ce miki a'a a wannan al'amari, sai kika ɗaure kayanki kika tafi unguwar Nuzla, gidan yayanki. Kika gaya wa Salihu wai girman kai ne, wai ina jin kunyar a san ɗan malami ya ɗauki faranti. Haba, ya sanyin idona! Mutumin da ya zagaye Jidda yana cin mandi a gaban ɗalibansa, wace kunya ta rage masa? Na ƙi ne don na san in na zauna a can, idona zai tsaya a ƙofar kicin, ina jiran wanda ba zai fito ba.

To, jiya na je. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, domin bakancenki ya gamu da wanda ya fi ki taurin kai.

Ina shiga, Ubale, dogon nan mai wushirya da ya ɗauki makara tare da mu, ya ajiye tiren hannunsa ya sumbaci kaina, ya ɗaga murya: «Abu Mahmud ne! Yalla, maza a gyara tebur!» Ba a tambaye ni abin da nake so ba, aka yi ta jerowa. Mai dafa abinci ya fito da ludayi a hannu, mu'allim ya bar wajen kuɗi ya zo ya tsaya a kaina. Na kalli ƙofar kicin, kamar yadda na san zan yi. Na ci abin da na iya haɗiyewa. Da na nemi biya, mu'allim ya ce «halas», wato magana ta ƙare, kada in sake tayar da zancen. Na ce to, na faki ido na tura bakshish ɗinki ƙarƙashin faranti, na fita da nutsuwa.

Ban kai kwanar masu sayar da turare ba na ji gudu a bayana. Ubale ne, tawul a kafaɗa. Ya cusa mini kuɗin a aljihu, na fitar, ya mayar, na fitar. Ya ce: «Ya ammi, ka rufa mana asiri! Uban wanda ya ɗauki faranti a gidan nan ba ya biya, ba ya bari. In wannan ya shiga gwangwani, da kuɗin Mahmud za mu sayi burodi? Wa zai haɗiye?» Na kawo masa hujja daga fiƙihu, ya ce shi bai yi karatu ba amma ya fi ni tsawon hannu. Mutane suka taru suna kallon malami mai rawani da sufuraji suna kokawa a kan titi, kowa na ƙoƙarin ya rabu da kuɗi. Wani dattijo ya ce tun da yake a Jidda bai taɓa ganin faɗa irin wannan ba.

Cikin fushi, ba da shawara ba, na ce masa tunda sun ƙi karɓa daga hannuna, to ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci su zo gidana, su zauna, a kawo musu, su ci, kuma kada wanda ya kuskura ya tashi ya taɓa faranti. Na zaci zai yi kawaici ya ƙi. Ya koma ciki da gudu, ya fito ya ce mu'allim ya yarda a rufe har la'asar, dukansu za su zo, da mai dafuwa, da mai wanke-wanke, da mu'allim ɗin kansa.

Sai da na iso gida na tuna ban san inda tukunya take ba.

Ga halin da nake ciki, ya taurarin dare a kan Bahar Maliya, ya ruwan farko bayan shekarar fari. Na sayi rago, yana ɗaure a tsakar gida, ya riga ya cinye ɗoɗɗoyar da kika shuka a gwangwanaye, yanzu ya juya kan igiyar shanya. Na sayi shinkafa, mai shago ya tambaye ni wace iri, na ce ya ba ni wadda ake ci. Mutanen da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗanki, waɗanda suka san yadda yake tafiya in tire ya yi masa nauyi, suka san abin da ke ba shi dariya a kicin, za su zauna a kan tabarmarki jibi. Duk tambayoyin da kika yi ta yi mini na kasa amsawa, su suna da amsarsu, kina iya ji daga bayan labule har ki gaji. Za ki bar su su ci girkin malamin nahawu? Za ki bari a ce an gayyaci abokan Mahmud gidansu, ba a tarar da mahaifiyarsa ba?

Ga shi na ambaci sunansa da kaina, ba ta bakin wasu ba. Kin ga abin da kika jawo.

Jirgi sai Asabar, Juma'a ta riga shi. Ba na roƙonki ki yaga tikiti. Ki zo gobe ki duba ragon nan tun bai kai ga tabarma ba, ki dafa, ni in ɗauka in kai, in zuba musu ruwa a hannu, in tsaya a kansu har su ƙoshi. In sun tafi, ki zuba mana a kwano ɗaya, ki ci ina kallo. Bayan haka, in har zuciyarki na son Madani, ni da kaina zan raka ki tasha, sai dai ki sani Salihu zai sayi tikiti na biyu, domin ba zan tsaya a bakin ruwa ina ɗaga hannu ba.

Ni ne naki a Sharafiyya, naki a Madani, naki a duk inda taurin kanki ya ja mu. Wanda bai kalli wata ba tun da kika yi masa faɗa a tashar jirgi, ba kuwa zai kalla ba har a kwantar da shi kusa da ɗansa.

Mijinki,
Abdulghaffar