Fitilar Mijina Za Ta Mayar Mana da Amarya Koriya

Gunvor, don Allah ki cece ni. Bikin 'yata Ingunn saura mako biyu, ni kuwa maimakon in damu da riga ko girki, wayoyi biyu sirara ne suka hana ni sukuni.

Mijina Torleif mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa karanta takardar bayanin komai ba tun da muka yi aure. Bana da hunturu ya shigo, rana ta daina fito mana na makonni kamar yadda take yi kowace shekara a nan ƙuryar arewacin duniya, ya ga duhun ya fara danne ni, sai ya ce zai haɗa mini alfijir a kicin. Ya sayo dogayen ƙwayayen lantarki uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da balas ɗinsa, wato ɗan akwatin da ke tayar da ƙwan, irin wanda ake iya rage masa haske. Ya yi wayarin da kansa, ya sa wa kowane launi abin murɗawa, wai in an gauraya su daidai za a ga kamar fitowar rana.

Ranar da ya kunna, Gunvor, kifin da na soya ya koma kamar ya kwana uku a kwandon shara. Torleif kansa ya yi kore shar, sai ka ce jirgin ruwa ya juya masa ciki. Jan ƙwan kuwa, murɗa duk yadda za ka murɗa, ɗan ƙyalli kawai yake yi. Amma da na ga yadda yake kallona yana jira, sai bakina ya ce ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

Na daure har ranar da ya tafi garin Finnsnes ganin likitan haƙori. Na zare fulogi, na hau kujera, na kwance murfin fitilar. Ashe zanen komai yana manne a jikin balas ɗin. Wayoyin rage haske biyu ne, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, shi kuwa ya juya na jan. Na musanya su, na mayar da murfi. Da ya dawo ya kunna, kicin ya yi kyau har na ji ƙwalla, ban kuma gaya masa na taɓa komai ba.

To ga inda na jawo wa kaina. Torleif ya yanke cewa sabuwar fitila sai ta nuna, kamar ayaba. Duk wanda ya shigo shan kofi sai ya zaunar da shi ya yi masa lacca. Yanzu ya ɗauki alkawarin haɗa irinta a zauren taron ƙauyenmu don dinar bikin, da irin wayarinsa sak, don ya zana shi a kansa. Ya ma gaya wa Ingunn: "In kin ga kore kada ki tsorata, 'yata, ki ba ta mako guda." Gyaran ɓoye ba zai yiwu a can ba: rufin zauren yana da tsawo, gwiwata ba ta son tsani, makullin kuma yana hannun maƙwabciyarmu Oddny, wadda magana ba ta kwana a bakinta. In na yi shiru, 'yata za ta yi rawa da angonta kamar gawar da aka tsamo daga teku. In na faɗa, na kwance wa mutum zani a kan abin da ya yi don ni. Ina son mijin nan, haushinsa kuma kamar ya kashe ni.

Mai Gwiwa Ɗaya, tsibirin Senja

Ke Mai Gwiwa Ɗaya,

Na yi dariya har kofi ya sarƙe ni, amma damuwarki ta gaske ce. Gyaranki daidai ne: in aka juya wayoyin nan biyu, ƙwan yakan maƙale a mafi ƙarancin haskensa, kuma ko shekara za a ba shi ba zai nuna ba.

Laifin Torleif ƙarami ne, kuma rabin mazan tsibirinku suna da irinsa. Naki ma ba babba ba ne, sai dai biyu ne: kin yabi abin da ba ki so, sannan kin gyara a ɓoye kin bar shi yana yawo da ayabarsa gida gida. Kunyar da kike gudar masa tana nan tafe, kuma a zaure za ta same shi, gaban dangin ango.

Saboda haka ki faɗa masa a makon nan, ku biyu kawai, a kicin ɗin. Ki fara da gaskiyar da ta fi girma, cewa alfijirinsa ya ɗauke miki nauyin hunturun bana. Sannan ki zare fulogi, ki miƙa masa abin kwance murfin, ki bar shi ya ga zanen da idonsa. Kada ki yi dariya sai ya fara. Zai yi fushi na yini ɗaya, wataƙila ya tafi duba kwalekwalensa ba gaira ba dalili. Ki ƙyale shi ya je.

Zauren kuwa wurin jama'a ne, ba kicin ɗinku ba. Ku kira ma'aikacin lantarki mai lasisi ya yi wayarin, Torleif ya riƙe aikin gauraya launi, ke kuma ki tsaya a ƙasa ki riƙa faɗa masa abin da kike gani, wannan karon da gaske. Batun tsani ki cire shi daga ranki.

Ina yi muku fatan biki lafiya. Allah ya sa Ingunn ta shiga zauren nan ta fito da launin da kika haife ta da shi.

Gunvor