Bebiya, Motar Ƙanena

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Yau 'yan tele sun zo Dogon Dutsi daga Yamai saboda motar Abdussalamu. Ƙanena ke nan, wanda ya jawo gangar tsohuwar tasi daga juji, ya cire mata inji, ya jera mata batura, yana ba ta wuta da farantan sola a garejinsa. Ba ta tari, ba ta hayaƙi, shi ya sa gari ya sa mata Bebiya. Ni kuwa shekara goma sha huɗu ina bakin titi da teburina ina sayar da isansi, wato fetur, a kwalba. Da kwalaben nan na kai shi lakwal, makarantar boko, har ya gama.

Ɗan jaridar, Kamal, wani siriri mai ƙamshin turare, ya zo har teburina ya ce, "Grand frère, in motar ta taho ka ɗaga kwalba kamar yadda kake kiran mai babur." Na ɗaga. Bebiya ta wuce, Abdussalamu ya ɗago mini hannu. Sau uku muka maimaita. Har daɗi na ji, ni jaki.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sun nuna a tele. Ga ni baki buɗe, giɓina a waje, kwalba a sama, mota ta wuce ko waiwaye babu. Sai muryar Kamal: "Ga jiya a tsaye, ga gobe tana wucewa." Daga nan suka sako wani Alhaji Sha'ibu, mai zuba jari, yana cewa in Bebiya ta je Tibiri ta dawo ba a ƙara mata wuta ba, shi da abokansa za su kafa wa yaron masana'anta. Matata A'i ta kashe telen ba ta dube ni ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Abin ya shiga kowace waya. Sabon sunana Dauda Jiya. Bayan masallaci wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce, "Jiya, zuba min lita guda kahin ka ƙare." Na zuba masa mari, na bi da naushi, leɓensa ya fashe, babur ya faɗi a kansa. Sai da mutum uku suka riƙe ni. Ban yi nadama ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na sami Abdussalamu gidan Inna yana shan fura. Ya ce wai bai san haka za su haɗa hoton ba. Na ce to ka fita ka faɗa a radiyo. Ya ce in yi haƙuri har Alhaji ya sa hannu, yanzu surutun nan shi ke jawo masu kuɗi. Wato fuskata ce tallarsa. Na doke ƙwaryar daga hannunsa, ta bugi bango, na shaƙe masa wuyan riga har maɓallai suka tsinke. Bai rama ba. Da ya rama da na fi samun sauƙi.

Inna ta ce, "Dauda, hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yas." Na fita na bar mata furar a bango.

Talata, 13 ga Mayu

Radiyon gari ma ya ɗauka. Wani mai bakin tsiya ya ce lokaci ya yi da za a kwashe teburan kwalba daga titi, sun zama bom a ƙofar gidajen mutane. Rashid, shugabanmu na masu kwalba, ya tara mu a inuwar itacen bedi. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, yau Dauda aka yi wa dariya, gobe teburin kowa ne. Da la'asar suka yi wa garejin ruwan duwatsu, farantai biyu suka fashe. Ban je ba. Ban kuma hana ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Abdussalamu ya zo teburina da kansa, ya tsuguna kamar lokacin da yake ƙarami. Ya ce gwajin jibi ne, Asabar. An faɗa a radiyo cewa da ƙarfe goma za a tashi daga tasha, amma don ya ɓad da sawu ne. Ƙarfe bakwai zai fita ta tsohuwar hanyar bayan kasuwar dabbobi, su Alhaji da Kamal na jiransa inda ta haɗu da kwalta.

"Yaya, kai ɗai na hwaɗa ma. So nike ka zamna kusa da ni, a gan mu tare, a bar wagga magana ta jiya."

Na ce ni ba biri ba ne da za a yi wasa da ni sau biyu.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na gaya wa Rashid. Ya ce tayoyi kawai za a fasa, Alhaji ya gaji da jira ya koma.

Asabar, 17 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Mu takwas muka ɓuya bayan katangar kasuwar dabbobi. An binne katako mai ƙusoshi a rairayi. Ba mu ji zuwanta ba, sai ga ta kawai a gabanmu. Tayoyin gaba suka fashe, ta yi gefe ta tsaya. Shi kaɗai ne a ciki. A kujerar da ke kusa da shi ya shimfiɗa sabon tawul, ya ɗora sabuwar hula a kai. Irin wadda nake sawa ce.

Na ce to shi ke nan, mu tafi. Ba wanda ya ji ni. Rashid ya zaro rodi daga cikin rigarsa ya sauke wa gilashin gaba, sauran suka hau da duwatsu da sanduna. Wani ya ɓalle bayan motar, inda akwatin batura yake. Abdussalamu ya fito goshi na jini, bai gudu ba, ya je ya kifa a kan akwatin, ya dafe murfin da hannun dama. Cewa yake, "Ku bar wannan, don Allah ku bar wannan." Shekara uku yana tara baturan nan ɗaya ɗaya.

Rashid ya ce ya ɗauke hannu. Bai ɗauke ba. Rashid ya sauke rodin. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa.

Ban san lokacin da na iso ba. Kwalbar da ke aljihuna na fasa a kan Rashid, muka zube a rairayi, ya cije ni a kunne har ya tsage, na danna masa guntun kwalbar a kunci. Wani ya zuba mini sanda a haƙarƙari, wani a baya. Da mahauta suka fito da wuƙaƙe suna ihu, kowa ya watse. Rashid ya gudu yana riƙe da fuskarsa.

A amalanken jaki na kai shi asibiti, hannun naɗe cikin tawul ɗin nan. Kallon sama yake yana salati a hankali.

Lahadi, 18 ga Mayu

Sun cire masa yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya. Sauran an ɗaure, sai yadda Allah ya yi.

Laraba, 21 ga Mayu

Rashid ya tsallaka iyaka, an ce yana wajen danginsa a Kabi. Jandarmomi sun tambaye ni wa na gane, na ba su sunaye. Ba su tambaye ni yadda aka san hanyar ba.

A tele an nuna jinin da ke kan murfin akwatin har sau huɗu. An ce masu zuba jari sun ja baya. Alhaji Sha'ibu ya ce mota guda ce, mutum guda ya san cikinta, ga shi yanzu a gadon asibiti, wa zai zuba dukiyarsa a haka? Amma ya ce in ta tashi cikin wata guda zai dawo ya gani.

Ni kuma yanzu jarumi ne. "Wan da ya fanshi ƙanensa da jininsa." Kamal ya zo asibiti yana so a kwance bandejin ya ɗauki hannun, ni kuma in tsaya a gefe. Na maka shi da bango, na riƙe maƙogwaronsa har idonsa ya fito, sai da wani malamin asibiti ya ɓamɓare ni. Sunan Jiya da suka sa mini ya yi zafi. Jarumin nan ya fi.

Asabar, 24 ga Mayu

A'i tana wanke mini kunne ta ce, "Ni dai abin da ban gane ba, wa ya hwaɗa musu hanyar?" Na ce ta yi a hankali, da zafi.

Laraba, 28 ga Mayu

An sallami Abdussalamu. Inna ta ba ni tuwo in kai masa gareji, an janyo Bebiya can. Ajiyewa kawai na je yi. Na tarar yana fama da sifana a hannun hagu, ta suɓuce, ya ɗauka, ta suɓuce. Na uku na riga shi ɗauka. Ya ce lamba goma ce, in juya hagu. Daga nan waya ja a kan ja, baƙa a kan baƙa, kada ƙarfe ya haɗa kawunan biyu in ba so nake in ga lahira ba. Baturan huɗu kawai suka mutu. Sai magariba na tuna ban buɗe tebur ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Layya. An gasa raguna a ƙofar gida, kowa ya zauna. Abdussalamu ya ɗauki nasa ya shiga zaure, ya juya wa ƙofa baya. Na leƙa. Da hagu yake ci, ba ya so a gani. Na ajiye nawa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Bebiya ta tashi. Na murɗa makulli, ba ƙara, sai kawai ta motsa. Na zagaya da ita cikin garejin sau biyu, ban wani ji komai ba, mota ce dai. Teburin kuwa aro na ba maƙwabcina, ba sayarwa na yi ba.

Da na fito ya ce Alhaji ya yarda ya dawo, ba tele, ba radiyo. Hannunsa ba zai riƙe sitiyari har Tibiri ba, ni zan tuƙa. Ya faɗa mini rana, da lokaci, da hanyar da za mu bi. Sai ya dube ni, yana shafa bandejin da babban yatsan hagu.

"Kai ɗai na hwaɗa ma, Yaya. Kamar wancan karon."

Na buɗe baki, ya ce in miƙo masa lamba goma. Na miƙa.

Hular tana nan a cikin mota, an wanke ta, tabon bai fita duka ba. Ranar da hanyar ba zan rubuta su ko a nan ba.